Citta, Gangamau ko Kafso: Wanne Ya Dace da Mai Cutar MS a Ƙauye?

Ranar da muka dawo da ƙanwata daga Kano da takardar likita, Baffa yana zaune a zaure kan buzunsa, ya ce in faɗa masa sunan ciwon. Na faɗa da Turanci yadda aka rubuta, multiple sclerosis. Ya ɗago kai ya ce, "Sikila? Ai babu sikila a gidan nan." Na ce, "A'a Baffa, sunan ne ya yi kama a kunne. Wannan ciwon jijiya ne, likitoci MS suke ce masa a taƙaice." Inna tana jin mu daga tsakar gida, ta ce, "To ai sanyi ne, dama na faɗa. A dafa mata citta."

Kafin mako ya zagayo shawarwari sun taru. Inna tana kan cittarta. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a birni ya turo bidiyo ta WhatsApp, wai gangamau ya gama da ciwon a Indiya. Wata maƙwabciya ta ce garin gangamau wasa ne, a sayo kafsonsa na kwalba. Gwaggo kuma ta zo da ƙullin citta mai 'ya'ya a bakin zane. Abin da ya ba ni mamaki da na zauna bincike, duka waɗannan tsirrai dangi ɗaya ne a wurin masana, dangin citta. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin ƙauye a ƙasar Ringim, ba likitan jijiya ba, amma tunda ni ne "likitan gida", a kaina aka ɗora zaɓin. Ga yadda na auna su, ko zai yi wa wani amfani.

Ciwon da ake magana a kai

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya suna da riga, kamar robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A cutar MS, garkuwar jikin mutum ce take juyowa ta riƙa cin wannan riga, sai saƙo ya riƙa tafiya da ƙyar ko ya yanke. Inda aka ci, nan alama take fitowa: ido ya yi hazo da ciwo, ƙafa ta sage, jiri, gajiya marar dalili, fitsari ya ƙi riƙuwa, bayan gida ya ɗaure. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a 1868. A ƙididdigar 2020 mutum wajen miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi kama mutum tsakanin shekara 20 da 40. Ta fi yawa a Turai da Arewacin Amurka. A ƙasashenmu ba a cika ganinta ba.

Akwai halayenta biyu da duk mai zaɓen magani ya kamata ya riƙe. Na farko, a wajen mutum 85 cikin 100 ciwon tasowa yake yi ya lafa da kansa. Ƙanwata idonta na dama ya yi hazo mako uku, aka yi mata rubutu ta sha, ido ya washe. Bayan wata takwas ƙafafu suka sage, aka jiƙa mata sassaƙe, suka saki. Kowane karo akwai wanda aka yi wa godiya. Jiki ne ya yi ɗinkinsa, mai magani ya karɓi yabo, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Shi ya sa "wane ya sha ya warke" ba ta zama hujja a wannan ciwo, ko da mai faɗar ba ƙarya yake yi ba. Kuma lafawar ba warkewa ba ce, kowane tashi yana iya barin tabo.

Na biyu, zafi yana tayar da alamunta. A da can, kafin a sami na'urar hoto, likitoci har wankan ruwan zafi suke sa mutum don su gani ko alamun za su fito. Mu kuwa duk abin da ya sa ƙafa ta mutu sanyi muke ce masa, maganinsa kuma gashi, surace, ruwan zafi. Ran da Inna ta sa aka yi wa ƙanwata surace ta lulluɓa da bargo, da rarrafe ta fito daga ɗaki. Bayan awa ɗaya a inuwar darbejiya da jiƙaƙƙen zane a wuya, ta miƙe da ƙafarta. Daga ranar ba a sake maganar gashi ba.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

Abu biyar na duba. Na ɗaya kuma mafi nauyi, shaida: an gwada abin a kan mutane masu wannan ciwo, ko a kan ɓeraye kawai? Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin saye ɗaya ba, na wata goma sha biyu, domin ciwo ne na zama. Na uku ɗorewa, wato ya jure ajiya a ɗakin ƙasa daga zafin bazara zuwa laimar damina, kuma mutum zai iya lizimtarsa shekara da shekaru ba tare da ya gundure shi ba. Na huɗu sauƙi: ana samunsa a kasuwar ƙauye ko sai an shiga mota? Na biyar haɗari, musamman ga hanta, ga ciki, da kuma karo da maganin asibiti. Ban sa farashi da lamba ba, don abin da na saya a watan jiya ba shi ne kuɗinsa yau ba.

Citta

Wannan ita ce cittar da kowa ya sani, mai yatsu, ɗanya ko busasshiya, wadda ke cikin yajinmu da kununmu da furarmu. Mafi yawanta daga kudancin Kaduna take zuwa, wajajen Kachia da Kagarko da ƙasar Jaba, kuma Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen nomanta. Abin da ke ba ta yaji ana ce masa jinjarol; in ta bushe wani sashe nasa yakan juya ya zama shogawol, wanda ya fi zafi a harshe. Dalili ke nan busasshiya ta fi ɗanya cizo.

Ta fuskar shaida, akwai gwaji ɗaya da ya dace da batunmu kai tsaye. An yi shi a Iran, aka wallafa a 2023, a kan mutum 52 masu MS irin mai tashi da lafawa. Rabi aka ba su garin citta miligiram 500 sau uku a rana har mako 12, rabi aka ba su na bogi. Waɗanda suka sha cittar sun sami sauƙin ɗaurewar bayan gida da tashin zuciya. Mutum 52 a wata uku ba su isa a ce citta tana tsayar da ciwon da ke tafiya shekara talatin ba, kuma mutanen suna kan maganinsu na asibiti aka ƙara musu ita. Amma amfaninta ga ciki abu ne da aka daɗe ana gani a wasu gwaje-gwajen, har ga masu laulayi. Wanda bai zauna da mai MS ba zai raina wannan. Ƙanwata takan yi kwana huɗu ba ta zaga ba, kuma a waɗannan kwanaki ƙafafunta sun fi ƙagewa, barci ma ba ya yiwuwa.

Kuɗinta shi ne mafi sauƙi cikin duka, duk da cewa tun da cutar ruɓewa ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna a daminar 2023 ta yi tashin gwauron zabi. Amma giram ɗaya da rabi a rana bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, don haka ɗan ƙulli yana kai mutum nesa. Busasshiya, in ba a daka ba, tana yin watanni a gwangwani mai murfi. Garin kan rasa ƙamshi da wuri, ɗanya kuma ba ta jure zafinmu, kwana kaɗan ta yamutse. Shawarata a sayi busasshiyar a ɓalla a duba cikinta. In akwai fumfuna ko hudar ƙwaro a bar ta, a kuma riƙa daka na mako biyu-biyu. Ba a neman mota don citta, duk mai kayan yaji a kasuwar ƙauye yana da ita.

Haɗarinta kaɗan ne amma akwai. Tana tayar da ƙwannafi, mai gyambon ciki zai ji a jikinsa in ya sha da safe kafin ya karya. Kada a wuce giram huɗu a rana, mai ciki kuma ta tsaya wajen giram ɗaya. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin wafarin ya tambayi likitansa tukuna. Sai kuma batun zafi: ba dole ba ne a sha ta tana tururi. Mu a cikin fura ko kunu mai sanyi muke zuba mata, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafin Jigawa ke haura digiri 40.

Garin gangamau

Wasu kurkur suke ce masa, wasu kurkum. Iyayenmu sun fi saninsa a rini da gyaran fatar amare, sai yanzu da intanet ta mai da shi sarkin magani. Sinadarin da ake yabo a cikinsa shi ne kurkumin, mai ba shi launin ɗorawa. Asalin yayata shi a batun MS gaskiya ne: a 2002 masu bincike a Amurka sun nuna kurkumin yana rage wani ciwo mai kama da MS da ake sa wa ɓeraye da gangan. Daga nan labari ya bazu, kowa ya ƙara masa gishiri, har ya iso wayar ɗan'uwanmu.

Matsalar lissafi ce. Kurkumin a cikin garin gangamau bai cika wuce kashi 3 cikin 100 ba. Cokalin shayi ɗaya, wajen giram uku, zai ba ka abin da ya kusa miligiram 100, kuma mafi yawansa hanji ba ya tsotsewa, ɗan abin da ya shiga jini hanta ta yi maza ta fitar da shi. Abin da zai isa ƙwaƙwalwa daga miyar da aka sa wa gangamau bai taka kara ya karya ba. A sa shi a shinkafa ko miya don ɗanɗano da launi, babu laifi, amma a jira ya tare garkuwar jiki daga cin jijiya, tusa ce ba ta hura wuta.

Kuɗinsa bai yi nisa da na citta ba, yana kuma ajiyuwa in an kare shi daga rana da laima. Abin da ya fi damuna da shi algus ne. Gari rawaya kowa na iya haɗa shi da rogo da kala. A Bangaladash an gano masu sarrafa shi suna shafa masa wani fenti mai ɗauke da gubar dalma don ya yi kyan gani, dalma kuwa guba ce ga jijiya. Mutanen Zamfara sun ga abin da ta yi wa yara a 2010. Don haka saiwar za a saya a daka a gida, kuma wannan kan sa a je birni, irin su Kasuwar Kurmi, ko a ba wa mai zuwa sautu. Mai tsakuwa a matsarmama ko a ƙoda, da mai ƙarancin jini, su taƙaita shi, domin yana matsa matsarmama, yana kuma rage shigar sinadarin ƙarfe daga abinci.

Kafson kurkumin

A nan ne kuɗin mutane ke tafiya, don haka bari in tsaya. Masu yin kafso sun san matsalar rashin tsotsewa, sai suka tace kurkumin zalla, sau da yawa miligiram 500 a ƙwaya ɗaya, suka haɗa shi da faifarin, sinadarin da ke cikin masoro. Wani bincike a Indiya a 1998 ya nuna faifarin yana ninka shigar kurkumin cikin jini har sau ashirin. Wannan lamba ce ake bugawa a jikin kwalba da manyan haruffa.

To an gwada a kan masu MS? An gwada. A Italiya an ɗauki mutum 80 da ke kan allurar intaferon, ɗaya daga magungunan asibiti na MS, rabi aka ƙara musu kurkumin, aka bi su shekara biyu, sakamakon ya fito a 2021. Da yawa sun fice kafin a kai ƙarshe, kuma ba a ga bambanci a yawan tashin ciwo ko naƙasa ba. A Iran ma an yi ƙananan gwaje-gwaje na 'yan watanni, aka ga wasu alamun kumburi sun sauka a jini. Sauka a takardar gwajin jini daban, mace ta iya ɗauko ruwa daga rijiya daban. Kuma a lura, a gwajin Italiya babu wanda aka cire wa allurarsa aka bar shi da kafso.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Abin da ya sa kafso ya fi gari ƙarfi shi ne ya sa ya fi shi haɗari. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba abin da ake sa wa abinci ya ƙayyade kurkumin a miligiram 3 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mace mai kilo 60 ke nan miligiram 180. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta kusa ninka wannan sau uku, ga faifarin yana buɗe mata ƙofa. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun tattara mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan kafso, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Ostareliya ta fitar da gargaɗi a kan haka. Ba kowa abin ke samu ba, amma mai MS hantarsa tana da wani aikin: intaferon da wasu magungunan ciwon su ma ta hanta suke bi. Ƙara da ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a cikinmu, wanda mutane da dama ke ɗauke da shi ba su sani ba. Faifarin kuma ba ya zaɓe, yana iya canza yadda wasu magungunan ke zama a jini.

Kwalba ɗaya takan yi wata guda, kuɗinta kuma ya ninka na cittar wata sau da yawa. Na lissafa na shekara, na ga ya isa kuɗin mota zuwa Kano ganin likita sau da dama har da gwajin jini. Ba a samunsa a ƙauye, zafi yana lalata shi a kan kanta, na jabu kuma ba a magana. Wani mai kemis ya nuna mini lambar NAFDAC a jikin kwalba yana cewa ai gwamnati ta tabbatar. Na juya kwalbar na nuna masa ƙaramin rubutun da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Lambar maganin gargajiya izinin sayarwa ce, ba shaidar yana warkar da abin da aka lissafa ba.

Citta mai 'ya'ya, da haɗin kasuwa

Ƙullin Gwaggo ba zai ɗauke mu lokaci ba. Citta mai 'ya'ya daga dazukan kudu take zuwa, tana da wasu sinadaran yaji irin na citta, tana da arha, kuma cikin kwansonta tana shekara ba ta yi komai ba, ta fi duka jure ajiya. Abin da ake faɗa a kanta game da jijiya daga ɗakin gwaji da dabbobi ya fito. A yaji da kunu tana nan daram. A matsayin maganin kullum ban ga dalilin fifita ta a kan citta ba, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta guji shanta da yawa, domin a gwajin ɓeraye masu ciki an ga tana jawo ɓari.

Haɗin da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa, a jarka ko a gorar ruwa, wanda ake cewa akwai citta da gangamau da "sirrika goma sha biyu", wannan ban ma sa shi a layi ba. Ba ka san abin da ke ciki ba, ba ka san yawansa ba. An sha kama magungunan gargajiya a ƙasashe daban-daban da aka zuba musu sitiroyid a ɓoye, irin ƙwayar da 'yan mata ke ce wa sha-ka-fashe. Mai MS in ya sha zai ji sauƙi na gaske kwana biyu, sannan fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni.

Maganin asibiti, wanda ake auna sauran da shi

Amfanin farko na asibiti ba magani ba ne, suna ne. Abubuwa da yawa suna sa ƙafa ta mutu: ciwon suga, ƙarancin bitamin B12, tarin fuka na ƙashin baya, shanyewar ɓarin jiki. Akwai kuma wata 'yar'uwar MS da ake kira NMO, mai kama ido da laka, wadda rabonta a cikin baƙar fata ya fi na Turawa, ta fi MS saurin makantarwa, kuma intaferon ƙara mata ƙarfi yake yi. Rarrabe su sai da hoton MRI na ƙwaƙwalwa da laka da gwajin jini, wani lokaci da ɗiban ruwan laka. Likitocin jijiya a wannan yanki suna manyan asibitoci, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Daga Dutse ko Haɗeja ko Gumel ma galibi can ake turo mutum.

In ciwo ya tashi, ana ba da allurar sitiroyid mai ƙarfi ta jijiya kwana uku zuwa biyar don a gajarta shi. Sannan akwai magungunan da ke rage yawan tashin, tun daga intaferon da aka fara amincewa da shi a Amurka a 1993. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa guda uku a jerin magungunan da ya wajaba ƙasashe su tanada: kiladiribin, gilatirama da rituksimab. Na ƙarshen ƙarin ruwa ne da ake yi kusan duk wata shida, kuma dole a gwada ciwon hanta nau'in B kafin a fara. Waɗannan an gwada irinsu a kan dubban mutane shekaru da yawa. Ba sa warkarwa, wasunsu suna rage garkuwar jiki, tsadarsu kuma ta sa Baffa ya sayar da bijimi. Amma su kaɗai ne a wannan jeri aka tabbatar suna rage ɓarnar da ake yi wa jijiya.

| Zaɓi | Shaida a kan masu MS | Kuɗi | Ɗorewa | Samu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Citta | Ƙaramin gwaji. Tana taimakon ciki | Kaɗan | Busasshiya tana watanni | Kowace kasuwa | Ƙwannafi. Karo da maganin tsinka jini |
| Garin gangamau | Ta ɓeraye ce; jiki ba ya tsotsewa | Kaɗan | Watanni, in ba laima | Mai kyau sai birni | Algus; matsarmama da ƙoda |
| Kafson kurkumin | An gwada, bai rage tashin ciwo ba | Mai yawa, duk wata | Zafi na lalata shi | Birni; akwai jabu | Hanta; karo da magunguna |
| Citta mai 'ya'ya | Ta ɗakin gwaji | Kaɗan | Shekara | Kasuwa | Mai ciki ta kiyaye |
| Maganin asibiti | Mai ƙarfi | Mafi tsada | Sai an lizimci zuwa | Kano | Raguwar garkuwa. Sai da gwaji |

Wa ya dace da wanne

Wanda ƙafarsa ke sagewa ko idonsa ya taɓa yin hazo ya washe, amma ba a taɓa yi masa hoto ba: babu ko ɗaya daga cikin tsirran nan da ya dace da shi tukuna. Duk abin da aka tara, kuɗin mota ne da na hoto. In ido ya rufe farat ɗaya, ko fitsari ya tsaya, ko ƙafafu biyu suka mutu cikin kwanaki, ranar za a tafi, ba a jira ranar kasuwa a sayar da akuya ba, a ranto.

Wanda aka tabbatar masa da MS, yana kan magani, kuma abin da ke damunsa ɗaurewar ciki ne ko tashin zuciya: citta busasshiya, ƙasa da cokalin shayi a rana, a raba uku, bayan abinci. A gaya wa likita. In bayan wata uku ba a ga canji ba, a mayar da ita yaji kawai.

Wanda yake son gangamau don hankalinsa ya kwanta cewa yana yin wani abu: ya sa a girki, saiwar da aka daka a gida. Wanda kuma yake da hali, ya nace sai kafso, to kada ya fara sai likitan jijiyarsa ya sani, a gwada hanta kafin da bayan farawa, kuma in ido ya yi rawaya ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, ciwon shawara ke nan, ya ajiye kwalbar ya tafi asibiti. Mai ciwon hanta, mai ciki da mai shayarwa su bar kafso gaba ɗaya. Mai jego kuma a sassauta mata wankan ruwan zafi. Watannin farko bayan haihuwa dama lokaci ne da ciwon ya fi tasowa.

Sai wanda ya fi yawa a cikinmu, wanda aka faɗa masa sunan ciwo da kuɗin magani, ya dawo gida ba shi da ko rabi. Kada ya ɗauki kafso a madadin allura, don zai ƙarar da ɗan abin da ke hannunsa a inda ba a ga amfani ba. Ya koma wurin likitan ya faɗa masa gaskiyar aljihunsa. Akwai tsofaffin magungunan rage garkuwa masu sauƙin kuɗi da likita kan duba ko sun dace, akwai kuma ofishin jin ƙai na asibiti da tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha da za a tambaya. Ya ajiye wani abu a gefe don ranar da ciwo zai tashi. A gida kuma akwai abin da ba ya cin ko sisi: aiki da sassafe ko bayan la'asar, inuwa da ruwan randa da tsakar rana, motsa gaɓoɓi kullum, barin taba, da maganin zazzaɓi ko ciwon fitsari da wuri, don su ma suna tayar da alamun.

A gidanmu Inna ce ke riƙe da gwangwanin cittar, ita ke aunawa da murfin kwalba ta zuba a fura. Ƙullin Gwaggo ya shiga yajin gida. Ranar komawa Kano kuma Baffa ya sa an rubuta masa da alli a bangon zaure.